Yadda ake gyara ƙasar tokar dutse mai kanwa wadda ba ta shan ruwa

Tambaya ɗaya ce take ta dawowa daga masu gona a kwarurrukan da dutse mai aman wuta ya taɓa lulluɓewa da toka: yaya za a gyara ƙasar da ba ta shan ruwa? Ƙasa ga ta da laushi a hannu, fili a shimfiɗe, ruwa kusa, amma in sama ta zubo sai ruwan ya kwanta kwana da kwanaki. In ya janye kuma, farin gishiri ko baƙin ɓawo ya fito, iri ya ruɓe a rami ko ya tsiro ya ƙone. Kusan kowa abin da yake so ya ji shi ne sunan maganin da zai saya ya zuba. A wannan jagorar sayen magani shi ne mataki na bakwai, kuma da gangan na ajiye shi can. Wanda ya fara da shi kafin ya samar wa ruwa hanyar fita, ya zuba kuɗinsa ne a inda ba zai dawo ba.

Irin wannan ƙasa tana nan a kwarin da ya tsaga gabashin Afirka, kewayen tafkunan Abijata da Shala a Habasha, Magadi a Kenya, da Natron a Tanzaniya, inda dutsen Ol Doinyo Lengai yake fitar da toka mai kanwa a jikinta. Tana nan a busasshen tafkin Texcoco kusa da birnin Meziko, da kwarurrukan jihar Oregon a Amurka waɗanda tokar dutsen Mazama ta rufe kimanin shekara 7,700 da suka wuce. Ko'ina labarin iri ɗaya ne: toka tana sakin sodiyam, ruwa yana kwaso shi zuwa gindin kwari, kwarin ba shi da mafita, rana ta ɗauke ruwan ta bar gishirin.

1. Zagaya gonar, ka haƙa rami

Ka zagaya filin sau biyu, bayan ruwan sama mai ƙarfi da kuma tsakiyar rani. Ka zana taswira ko da a takarda ce, ka nuna inda ruwa yake kwanciya, inda gishiri yake fari, inda ɓawon yake baƙi, da inda ciyawa ta ƙi fitowa gaba ɗaya. Baƙin ɓawon ya fi farin muni. Alama ce ta kanwa mai ƙarfi da ta narkar da ruɓaɓɓen ganyen da ke cikin ƙasa ta fito da shi sama. In ka jiƙa irin wannan ƙasar ka murza, za ka ji tana santsi tsakanin yatsu.

Sai ka haƙa rami a kowane ɓangare da ya bambanta da ɗan'uwansa, zurfin mita ɗaya da rabi zuwa biyu in ruwa bai tare ka ba. Abu uku kake nema a bangon ramin. Na farko, inda launin ƙasa ya koma toka-toka mai ɗigon tsatsa, don nan ne ruwa yake kaiwa a damina. Na biyu, inda saiwoyi suka tsaya suka karkata gefe. Na uku, shimfiɗa mai tauri wadda diga take tsalle a kanta. Ƙasar toka a wuri mai ƙarancin ruwan sama takan yi irin wannan shimfiɗa saboda silika da ta narke daga tokar ta liƙe ƙasa wuri guda. A Meziko suna ce mata tepetate, a Ekwado kuma cangahua. Ka rubuta zurfin da ta fara da kaurinta, sannan ka huda ta ka ga abin da ke ƙarƙashi: rairayi ne, tsakuwa ce, yumɓu ne, ko ruwa ne mai ƙoƙarin tasowa.

Gargaɗi: bangon ramin toka yana ruftawa ba tare da ya ba da alama ba, musamman in ƙasansa a jiƙe yake. Ramin da ya wuce ƙugu a yi masa matakala ko a kwantar da bangonsa, kuma kada mutum ya shiga shi kaɗai. A sa takunkumin ƙura in ƙasa a bushe take. Toka tana ɗauke da silika mai lahani ga huhu, kuma wata tokar da ta daɗe cikin ruwan kanwa tana rikiɗa ta zama ma'adinin eriyonayit, wanda ya jawo sankarar fatar huhu a wasu ƙauyukan Kapadokiya a Turkiyya.

2. Auna ruwan ƙarƙashin ƙasa

Ka samu bututun roba mai faɗin santimita 5, tsawon mita biyu da rabi. Ka tsattsaga rabin ƙasansa da zarto, ka naɗe wurin da yadin gidan sauro, ka dasa shi a rami, ka cika gefensa da tsakuwa, ka toshe bakin ramin da yumɓu don kada ruwan sama ya bi ta gefe. Uku zuwa biyar sun ishi ƙaramar gona, ɗaya a wuri mafi tudu, ɗaya a mafi kwari, sauran a tsakani. Duk mako ka zura awo ka rubuta zurfin ruwan daga fuskar ƙasa.

Toka mai laushi tana jan ruwa sama kamar yadda lagwani yake jan kananzir, kuma ta fi rairayi nisan ja sosai. Muddin ruwan ƙarƙashi mai gishiri yana zaune kusa da fuskar ƙasa, bai kai zurfin mita ɗaya da rabi ba, duk gishirin da ka wanke zai dawo a rani mai zuwa. Abin da ake so shi ne a riƙe shi a mita ɗaya da rabi zuwa biyu ko fiye. Wannan awon zai kuma nuna maka daga ina ruwan yake shigowa. In bututun da ke kusa da hanyar ban ruwa ne yake fara tashi, to hanyar ce take yoyo, kuma gyara ta ya fi tona sabbin magudanai sauƙi nesa ba kusa ba. Gonakin ban ruwa na tsakiyar kwarin Awash a Habasha sun ga yadda yoyo da yawan ban ruwa suke ɗaga ruwan ƙasa har gishiri ya ci fili.

Mutane ba sa son wannan matakin saboda yana cin lokaci. Ni dai ina ganin damina ɗaya da rani ɗaya na awo sun fi duk wata shawara da wani zai ba ka daga nesa.

3. Gwada ƙasar, gwada ruwan

Gwaji biyu za ka iya yi da kanka. Ka ɗauki ɗan busasshen curin ƙasa kamar ƙwayar wake, ka sa shi a hankali cikin kofin gilashi mai ruwan sama, kada ka motsa. In bayan awa biyu ka ga farin hazo ya kewaye curin ko ya cika kofin, yumɓun ƙasarka yana watsewa, kuma aikin sodiyam ke nan. Shi ne yake toshe ƙofofin da ruwa zai bi. Na biyu, ka ɗiga ruwan khal a kan busasshiyar ƙasa daga zurfi daban-daban. In ta yi kumfa, akwai kabonet a ciki. Sai dai a kula, kanwa ma tana kumfa, don haka kumfar ɓawon sama ba ta tabbatar da cewa akwai farar ƙasa ba. Ɗakin gwaji ne zai raba gardama.

Samfurin da za ka kai: daga kowane ɓangare na taswirarka, ka ɗebo wuri goma zuwa goma sha biyar ka haɗa, amma kowane zurfi da jakarsa, 0 zuwa 30, 30 zuwa 60, 60 zuwa 100 na santimita. Rabin kilo ya isa kowace jaka. Kuskuren da aka fi yi shi ne haɗa ƙasar wuri mai kyau da ta wuri mara kyau, sai sakamako ya fito bai yi kama da ko ɗaya ba. Ka nemi a auna pH wato ma'aunin tsami ko kanwar ƙasa, da gishiri wato EC, da ESP wato kason sodiyam da ke maƙale a jikin ƙasa, da CEC wato yawan abin da ƙasar take iya riƙewa, da farar ƙasa, da boron, da nauyin ƙasa a kowace santimita mai kusurwa, wato curi mai santimita ɗaya a tsawo, faɗi da zurfi. Fosforas a auna shi da hanyar Olsen, don ita ce ta dace da ƙasa mai kanwa. Ka tambaya ko EC ɗin daga kwaɓaɓɓiyar ƙasa aka tace shi, domin lambobin da ke ƙasa na wannan hanyar ne, kuma awon da aka yi da ƙasa ɗaya ruwa biyar yana fitowa ƙasa da haka sosai.

Ga yadda ake karantawa. EC sama da 4 dS/m (ma'aunin da ake rubuta EC da shi), ƙasa ce mai gishiri. ESP 15 ko fiye, ƙasa ce mai sodiyam. pH da ya haura 8.5 yawanci yana nufin kanwa tana nan, kuma a wurare irin Texcoco yana kaiwa 10. In gishiri ne kawai, wanki ya isa. In sodiyam ne, sai da jifsam, wato farin ma'adini mai kalsiyam da ake haƙowa daga ƙasa. Galibin waɗannan kwarurruka suna da duka biyun.

Ruwan ban ruwa ma a kai shi. Ma'aunin Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna ruwa mai EC ƙasa da 0.7 ba shi da matsala, daga 0.7 zuwa 3 sai da lura, sama da 3 kuma matsala ce babba. Ka nemi RSC ma, wato ragowar kanwar da ke cikin ruwan: ƙasa da 1.25 lafiya lau, sama da 2.5 bai dace da ban ruwa ba sai an gyara shi. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai a ƙasar duwatsu masu aman wuta, domin rijiya tana iya ba da ruwa garau mai daɗin gani alhali cike yake da kanwa, boron da fuloraid. Wanke ƙasa da irin wannan ruwan ƙara mata ciwo ne.

4. Nemo inda ruwan zai tafi

A nan ake yanke hukunci ko a ci gaba ko a tsaya. Gishirin da ke gonarka ba ya ɓacewa, sai dai a narkar da shi a tura shi wani wuri. Ina ne wurin? Ka bi gangaren fili da na'urar auna tudu da kwari, ko da siririn tiyo mai ruwa a ciki in ba ka da ita. Kana neman wuri wanda ya fi gindin magudanar da za ka tona zurfi: babbar magudana ta gama-gari, ko kwazazzabo, ko wani ɓangaren gonar da za ka sadaukar ya zama tafkin da rana za ta shanye ruwan. In babu gangare, sai rijiyar tara ruwa da famfo, wanda ke nufin kuɗin mai ko lantarki kowace shekara har abada.

Gargaɗi: ruwan da zai fito daga magudanarka ya fi wanda ya shiga gishiri nesa. Kada ka sake shi cikin gonar maƙwabci, ko rafin da mutane da dabbobi suke sha. Da yawa daga cikin waɗannan kwarurruka matattarar tsuntsaye ce da doka take karewa, don haka a nemi izinin hukumar ruwa da ta muhalli kafin a sa shebur.

In ka duba ko'ina babu mafita, ka tsallake zuwa mataki na tara ka karanta abin da na faɗa kan ciyawa. Wannan ba faɗuwa ba ce. Fili mai ciyawar kiwo ya fi filin da aka kashe wa dukiya ya koma fari bayan shekara biyu.

5. Tona magudanai

Fara daga mafita ka yi sama, don ruwa ya riƙa fita yayin da ake aiki. Farko a tona magudanar tare ruwa a gefen da ruwa yake shigowa daga tudu, domin sau da yawa ita kaɗai tana rage rabin wahalar. Sannan babbar magudana, sannan ƙanana.

Zurfin ya kai mita ɗaya da rabi zuwa biyu. Magudana mai zurfin gwiwa ruwan sama kawai take kwashewa, ba ta taɓa ruwan ƙarƙashi. Tazara tsakaninsu ta danganta da saurin tafiyar ruwa a ƙasarka: a toka mai tsakuwa tana iya wuce mita 50, a mai yumɓu da sodiyam tana iya saukowa mita 20. Hanya mafi aminci ita ce ka tona biyu, ka dasa bututun awo a tsakiyarsu, ka ga ko ruwan yana sauka cikin 'yan kwanaki bayan ban ruwa. In bai sauka ba, a ƙara ɗaya a tsakani.

Buɗaɗɗiyar magudana ta fi araha a farko amma tana cin fili da aiki. Bangonta dole ya kwanta, aƙalla mita ɗaya da rabi a kwance ga kowace mita ɗaya ta zurfi, saboda toka mai sodiyam tana narkewa ta zube. Ka lissafa: zurfin mita 1.8, gindi rabin mita, bakinta zai kai kusan mita 6, kuma kowace mita 100 ta tsawo ƙasar da za a kwashe ta kai mita 576 mai kusurwa. Da wannan lambar za ka nemi farashin injin haƙa ko na leburori. A yawancin gonaki, nan ne mafi yawan kuɗin aikin yake tafiya. A dasa ciyawa mai jure gishiri a bangon tun ranar da aka gama.

Bututun da ake binnewa ba ya cin fili, amma a ƙasar toka yana da maƙiyi guda: garin toka mai laushi yana shiga hudojin ya cika shi. Dole a kewaye shi da tsakuwa mai gauraye da rairayi mai kauri, kaurin santimita 8 zuwa 10 ta kowane gefe, ko a naɗe shi da yadin tacewa. Gangarensa kada ya gaza santimita 10 zuwa 20 a kowace mita 100. A bar ramin dubawa a mahaɗa, a sa raga a bakin fita saboda ɓeraye.

6. Fasa shimfiɗar, daidaita fili

In ka samu shimfiɗa mai tauri a cikin santimita 60 zuwa 80 na sama, kuma siririya ce, a fasa ta da dogon haƙorin tarakta lokacin da ƙasa take a bushe, a ja shi ya gitta magudanai. A jiƙaƙƙiyar ƙasa haƙorin yanka kawai yake yi ya wuce, tsagar ta rufe. Wadda silika ta liƙe ba ta narkewa da ruwa ko jifsam, ƙarfe ne kawai maganinta. Amma in a mataki na ɗaya ka huda ta ka ga ruwa yana tasowa daga ƙasa, kada ka fasa sai magudanai sun fara aiki, in ba haka ba ka buɗe wa ruwan gishiri ƙofa da hannunka.

Sai a kankare ɓawon gishirin sama a fitar da shi daga gonar, a daidaita fili, a raba shi fangali-fangali da kunya mai tsayin santimita 30 zuwa 40. Duk ɗan tudun da ya rage a cikin fangali, nan gishiri zai taru.

7. Lissafa jifsam, ka zuba

Aikin jifsam shi ne ya kawo kalsiyam ya ture sodiyam daga jikin yumɓu, don ruwa ya samu ya tafi da shi. Ga lissafin da misali. A ce CEC ɗinka 25 ne, ESP 30, kana so ya sauka 10. Bambancin kashi 20 ne cikin ɗari, kashi 20 na 25 kuma 5 ne. Ga ƙasa mai nauyin giram 1 a santimita mai kusurwa, kowane 1 yana buƙatar kimanin tan 2.6 na tsantsar jifsam a hekta don gyara santimita 30 na sama. Ke nan 5 sau 2.6, tan 13. A ƙara kamar kashi ɗaya cikin huɗu saboda ba duka ne zai yi aiki ba, a kuma ƙara gwargwadon dattin da ke cikin wanda aka sayo.

Ka lura da batun nauyi. Teburan da ke yawo an yi su ne don ƙasa mai nauyin 1.3 zuwa 1.5, ƙasar toka kuwa takan tsaya kusa da 1, wata ma ƙasa da 0.9. Wanda ya kwafi tebur ba tare da gyara ba zai sayi abin da ya wuce buƙatarsa da kusan kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi. Jifsam kansa ba shi ne mai tsada ba, dakonsa ne, don haka nisan inda ake haƙo shi ne zai faɗa maka ko aikin zai biya.

Ba sai an zuba duka a shekarar farko ba. Lita ɗaya ta ruwa giram 2 zuwa 2.5 kawai take narkarwa, saboda haka tan goma sha wani abu ba zai narke a wanki ɗaya ba. Ka fara da rabi. Kafin ma ka sayi na hekta guda, ka ware fangali huɗu ƙanana: ɗaya ba komai, ɗaya kashi ɗaya cikin huɗu, ɗaya rabi, ɗaya cikakke. Ka cika su da ruwa ka ga wanne ya fara shanyewa. Ƙasarka za ta ba ka amsar da ta fi ta lissafi.

A sayi mai laushi, a watsa shi daidai, a gauraya shi da santimita 10 na sama kawai. Wannan gargaɗin ya shafi ƙasa mai kanwa musamman: in aka juya jifsam da zurfi, kanwar da ke cikin ƙasa tana kama kalsiyam ɗin ta mai da shi farar ƙasa, ya tashi a banza. A haɗa da ruɓaɓɓen taki ko ragowar amfanin gona in akwai, domin suna buɗe ƙasa, ruɓewarsu kuma tana taimakawa wajen narkar da farar ƙasar da ke ciki.

Inda gwaji ya nuna akwai farar ƙasa da yawa, farar wuta tana iya maye gurbin jifsam. Tan ɗaya nata yana daidai da tan biyar da ɗoriya na jifsam, don haka dakonta ya fi sauƙi. Sai dai ƙwayoyin halitta ne suke mai da ita asid, kuma suna buƙatar ɗumi, danshi da iska na tsawon watanni. A ƙasar da ruwa ya kwanta ba za ta yi komai ba. A gauraya ta, a riƙe ƙasa da danshi, a jinkirta wanki. Garinta yana kama wuta kuma yana ƙona ido.

Abin da ba a zubawa ko kusa: farar ƙasa da tokar itace. Maganin ƙasa mai tsami ne su, a nan ƙara wa ciwo gishiri suke yi.

8. Wanke gishirin

Yanzu ne ruwa zai shiga. Ƙa'idar da ake bi ita ce, ruwa mai zurfin santimita 15 da ya ratsa ƙasa yana fitar da kusan rabin gishirin santimita 30 na sama, santimita 30 yana fitar da kusan kashi 80 cikin ɗari, santimita 60 kuma kusan kashi 90. Santimita 30 a hekta ɗaya mita 3,000 ne mai kusurwa, wato lita miliyan uku. Ka tabbatar kana da wannan ruwan kafin ka fara, don wankin da aka bari a rabi yana tura gishiri ne daidai inda saiwa za ta zauna.

Kada a zuba shi gaba ɗaya. A sa santimita 8 zuwa 10, a bari ya shanye, a jira kwana kaɗan, a sake. Wannan ya fi barin ruwa a kwance tsawon makonni fitar da gishiri da ruwa kaɗan. A yi shi lokacin sanyi ko a haɗa da damina, sa'ad da rana ba ta shan ruwa da yawa. Ka riƙa auna EC na ruwan da ke fita daga magudana: zai yi sama da farko, sannan ya fara sauka.

Gargaɗi mafi girma a wannan matakin: kada a wanke ƙasa mai sodiyam da ruwa mai daɗi kafin a zuba jifsam. Gishirin da ke ciki shi ne yake ɗan riƙe yumɓun a dunƙule. In aka wanke shi aka bar sodiyam, ƙasar tana liƙewa ta daina shan ruwa kwata-kwata, ta fi da muni. Boron kuma ya fi gishiri taurin kai, yana cin ruwa ninki biyu zuwa uku kafin ya fita.

9. Shuka ta farko

Da zarar ƙasa ta fara shan ruwa, a rufe ta da shuka. Toka in ta bushe tsirara iska ce take kwashe ta, gishiri kuma ya hau. Saiwa ma ma'aikaciya ce: tana huda ƙasa, numfashinta yana narkar da farar ƙasa ya saki kalsiyam.

A zaɓi abin shuka da lambar EC a hannu. Sha'ir yana jurewa har 8 kafin amfaninsa ya fara raguwa, auduga 7.7, dawa 6.8, alkama 6. Shinkafa ba ta son gishiri sama da 3, amma tana jure sodiyam, kuma ruwan da take zaune a ciki yana ci gaba da wanki, don haka ta dace inda ruwa yake wadace kuma magudana tana aiki. Tumatir 2.5, masara 1.7, albasa 1.2, waɗannan sai an yi shekaru ana gyara. Zamarke yana da kyau a tsakani: a shuka shi, a nome shi cikin ƙasa kafin ya yi itace.

Ga wanda ba shi da mafitar ruwa, ciyawa ce hanya. Ƙiri-ƙiri yana jurewa har kusan 7, ciyawar Rodes ma tana yi, haka ciyawar kala da ake amfani da ita a Pakistan. A Texcoco, ciyawar gishiri mai suna Distichlis aka dasa tun shekarun 1970 don kashe ƙurar da take tasowa ta rufe birnin Meziko. A dasa a kan faffaɗan kunya, a hana dabbobi shiga sai ta kama, kuma kada a bar su su tattake filin yana jiƙe. Ciyawar ƙasa mai kanwa da danshi takan tara molibdinam, wanda yake hana jikin shanu amfani da sinadarin kofa, don haka in an ga zawo da dushewar launin gashi a kira likitan dabbobi. Kada kuma a yarda a shigo da itacen Prosopis da sunan gyaran ƙasa. Yana jure kanwa, gaskiya ne, amma ya mamaye makiyaya a yankin Afar na Habasha da Baringo a Kenya har ya gagari cirewa.

10. Taki

Ƙasar toka tana riƙe fosforas, kanwa ma tana ɗaure shi, don haka kada a watsa shi. A sa shi a layi ɗaya, ɗan gefe da ƙasan iri. Yuriya in aka bar ta a saman ƙasa mai kanwa tana tashi ta bi iska, sai a binne ta ko a bi ta da ruwa nan take, a kuma raba ta kashi biyu ko uku. Amoniyam salfet ya fi dacewa in ana samunsa. Zinki kusan kullum yana ƙaranci a irin wannan ƙasa, a sa zinki salfet tun farko. In sabon ganye ya yi rawaya jijiyoyinsa suna kore, ƙarancin sinadarin ƙarfe ne: a fesa a ganye, ko a nemi takin sinadarin ƙarfe nau'in EDDHA, wanda yake aiki a pH mai yawa. Kashin kaji yana da gishiri, a sa shi kaɗan-kaɗan.

11. Ban ruwa da bibiya

In ana ban ruwa ta kwarin kunya, gishiri yana taruwa a ƙololuwar kunyar ne. A shuka a kafaɗarta, ɗan sama da inda ruwa yake tsayawa. In ana tsallake kwari ɗaya, a riƙa ba wa kwari ɗaya ɗin nan kullum, don gishiri ya tafi ɓangaren da babu shuka. Ban ruwa na ɗigo yana tura gishiri gefen da'irar da ta jiƙe, kuma yayyafi yana iya dawo da shi kan saiwa, don haka a bar ban ruwan ɗigon a kunne lokacin ruwan sama na farko. Kowane ban ruwa a ƙara ɗan abin da zai wuce saiwa ya sauka magudana, amma kaɗan, saboda wuce gona da iri shi ne yake ɗaga ruwan ƙarƙashi. A rufe ƙasa da ciyawa ko kara. In ruwan rijiyarka yana da kanwa, a bi da shi ta cikin ramin da aka cika da duwatsun jifsam kafin ya shiga gona, ko a riƙa zuba jifsam kaɗan kowace shekara.

Bututun awon nan na mataki na biyu kada a cire su. A duba su duk wata, a yashe magudanai kafin damina, a sake kai ƙasa gwaji daga wuraren da aka ɗebo na farko a lokaci ɗaya kowace shekara. Santimita 30 na sama yakan gyaru cikin shekara biyu zuwa uku, na ƙasa ya fi haka daɗewa. In ESP na sama ya sauka amma na 30 zuwa 60 ya hau, sodiyam yana kan hanyarsa ta fita ne, a zuba ragowar rabin jifsam ɗin a ci gaba da wanki. In duka biyun suka tsaya cik kuma ruwa a bututu ya taso har zurfinsa daga fuskar ƙasa bai kai mita ɗaya da rabi ba, a dakatar da sayen komai a koma kan magudana, a fara dubawa daga bakin mafita.